TSORO DA CIWON CIKI: ABIN DA YA KAMATA MALAMAI DA AKAWUNA SU SANI

In mutum ya firgita, Bahaushe ya kan ce cikinsa ya ɗuri ruwa, ko hanjinsa ya kaɗa. In ya ji daɗi a ce yana farin ciki, in ransa ya ɓaci a ce yana baƙin ciki. Mutanen da ba su taɓa buɗe littafin likita ba, amma sun lura da cewa duk abin da ya taɓa zuciya ba ya barin ciki lafiya. To, yau ga masana sun bi diddigin wannan magana, sun tarar gaskiya ce. Mun ga ya kyautu mu bayyana wa malamai da akawuna yadda abin ya ke, musamman na ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda tsoro ya daɗe yana kwana da mutane ɗaki ɗaya.

Abin da ya sami ƙasar

Kowa ya san abin da ya auku daren Jumma'a, 11 ga Disamba, 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji. Ran 17 ga watan aka sako su, Gwamna Aminu Bello Masari ya ce yara 344 ne. A wannan shekara kuma aka kashe mutane da yawa a Kadisau ta ƙasar Faskari. A watan Satumba na 2021 aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan uku, mutum ya yi makonni bai ji duriyar ɗan'uwansa ba. Gonaki masu nisa sun kwana, waɗansu iyalai sun bar rumbunansu sun koma cikin gari suna sayen abinci da awo.

Waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace ana ƙidaya su. Amma akwai wata ɓarna wadda ba ta shiga lissafi, watau ta mutumin da ya kwana yana sauraron kukan babur, gari ya waye ya kasa cin abinci, ko yaron da cikinsa kan murɗa duk sa'ad da aka kaɗa ƙararrawar makaranta.

Hanyar da ke tsakanin kai da ciki

A 1822 bindiga ta sami wani saurayi, Alexis St. Martin, a tsibirin Mackinac na Amurka. Rauni ya warke, amma ya bar kafa wadda ta zarce har cikin tumbi. Likitansa, William Beaumont, ya yi shekaru yana leƙa tumbin ta wannan kafa, ya buga abin da ya gani a 1833. Ya tarar in saurayin ya yi fushi ko ya tsorata, sai ruwan da ke narkar da abinci ya ragu, abinci ya jima bai narke ba.

Yanzu an san dalili. A jikin bangon hanji akwai ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100. Akwai kuma wata doguwar jijiya da likitoci ke kira bagus, wadda ta taso daga ƙeya ta sauko har hanji, kamar wayar tangaraho tsakanin hedkwata da gunduma. Abin mamaki, wajen kashi 80 cikin 100 na zarenta daga ƙasa su ke kai labari sama. Ashe gunduma ta fi hedkwata yawan aika rahoto. Sa'an nan sinadarin nan serotonin, wanda ke da hannu cikin barci da kwanciyar rai, wajen kashi 90 cikin 100 nasa a hanji a ke yinsa, inda ya ke tafiyar da motsin hanjin.

In tsoro ya zo, jiki ya kan janye jini daga ciki ya tura ga ƙafafu da damatsa don a yi gudu. Tumbi ya tsai da aiki, babban hanji kuwa ya yi gaggawa, shi ya sa mai firgita kan nemi bayan gida. Ga tsoron sa'a guda wannan dabara ce mai amfani. Amma in tsoro ya yi shekara biyar bai sauka ba, sai kumburin ciki, da ƙwannafi, da zawo yau, taurin bayan gida gobe. Ciki kuma in ya rikice ya kan aika wa kai mugun labari, fargaba ta daɗu.

Baƙin da ke zaune a hanji

A cikin hanjin kowane baligi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, dubban biliyoyi, galibinsu masu amfani. Abincinsu shi ne dusa da ɓawo da zaren ganye, watau abin da tumbi bai iya narkarwa ba. In sun ci, su kan fid da abin da ke ciyar da bangon hanji, ya kuma rage kumburi. A 2004 masana na Jami'ar Kyushu ta Japan suka nuna ɓerayen da aka rena ba tare da waɗannan halittu ba sun fi sauran razana. A 2011 na Cork ta ƙasar Ayalan suka ba ɓeraye wata irin ƙwayar da ke tsamar da madara, tsoronsu ya ragu. Da aka yanke jijiyar nan ta bagus, sai amfanin ya ɓace.

Ɓera dai ba mutum ba ne, kada wani mai talla ya ruɗe mu da kwalba. Amma an gwada a kan mutane ma. A 2017 a Ostareliya aka ɗauki mutum 67 masu ciwon damuwa, aka gyara abincin rabinsu har mako 12; wajen sulusin waɗannan suka sami sauƙi sosai, a ɗaya rabin kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne binciken 2010, inda aka gwada yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso da yaran birnin Florence na Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake da ganye, su suka fi yawan iri-irin halittun nan masu amfani. Abincinsu kuwa ya yi kama da na Sabuwa.

Maganin da ke cikin gida

Na fari, a koma ga tuwon dawa da na gero, a rage tsananta surfe, don dusar da mu ke ba awaki ita hanji ke bukata. A yawaita wake, da miyar kuka, da kuɓewa, da kwaɗon zogale ko na rama. Na biyu, a riƙe abin da aka tsamar: nono, da kindirmo, da koko, da daddawa. Sai dai lalle a tafasa madara kafin a zuba mata tsami, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka daga shanu. Na uku, a rage goro da shayi mai kauri bayan la'asar, su kan kori barci su sa faɗuwar gaba. Na huɗu, a tafasa ruwan sha in ana shakkarsa. In zawo ya kama, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a yi ta kurɓa. Na biyar, in gaba ya faɗi, a zauna a ja numfashi a hankali, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, har minti biyar. Wannan ya kan lafar da bugun zuciya.

Na shida, a yi magana. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma damuwar da aka binne a ciki ita ke komawa ta ci shi. Mai zurfin ciki ya nemi amini ya amayar masa.

Inda abinci ba ya isa

Ba kowane ciwon ciki ne na tsoro ba. A 1982 likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke kawo galibin gyambon ciki, aka ba su lambar Nobel a 2005. Wannan ba kanwa ke kashe ta ba, sai maganin likita na wajen mako biyu. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen su kan cinye bangon tumbi, kafso kuma in an sha barkatai ya kan kashe halittun nan masu amfani. Wanda ya ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko rama ba dalili, ya tafi asibiti ran nan. Haka wanda ya yi makonni ba barci, ko ya fara jin gara ya mutu. Akwai asibitin masu ciwon damuwa a Barnawa ta Kaduna, zuwa can kuwa ba abin kunya ba ne.

Ga malamai da akawuna

Malam, in yaro ya cika kukan ciwon ciki da safe, kada ka yi saurin ɗauko bulala. Tambaye shi ko ya karya kumallo, daga wane ƙauye su ke, me ya gani a can. Akawu kuma, kai a ke kawo wa takarda a ce karanta mini, maganarka tana da nauyi a zaure. Karanta wa jama'a wannan ma. Fura da nono ba za su kori ɗan bindiga daga daji ba, wannan aikin hukuma ne, muna kuwa roƙonta ta tsaya a kansa. Amma kafin hankali ya kwanta sarai, wajibi ne mu kiyaye cikin yaran nan, domin da ruwan ciki a kan ja na rijiya.