Maya Haihuwa da Tuba a Addinin Kirista

Kalmar "tuba" tana da ma'ana biyu a Hausa. Idan Bamaguje ya karɓi addini, akan ce ya tuba. Haka kuma mai zunubin da ya yi nadama. Wannan kan sa a zaci tubabbe ya gama aikinsa ran da ya tuba. Amma koyarwar da mishan ta SIM ta kawo ƙasar Katsina, inda ta karɓi riƙon asibitin kutare na Babbar Ruga a hanyar Batsari a shekarun 1930, ta bambanta su.

Na farko shi ne maya haihuwa, wadda Yesu ya bayyana wa Nikodimu a Linjilar Yohanna, sura ta 3. Aikin Ruhu Mai Tsarki ce, sau ɗaya take aukuwa, mutum ya sami sabon rai. Na biyu kuwa tuba ce ta kullum, wadda Martin Luther ya nuna a 1517 cewa ita ce rayuwar mai bi gaba ɗayanta.

Manomin Ruma ya san misalin wannan. Sau ɗaya akan shuka gero, amma sai an yi firi, an yi maimai. Wanda ya ajiye fartanya ran shuka, ciyawa zai girba.