Dabbar Panda, Da Gora, Da Gonaki

A can ƙasar Sin akwai wata dabba da ake kira Panda. Watakila waɗansunku sun taɓa ganin hotonta: jikinta fari, ƙafafu da kunnuwa baƙaƙe, ga kuma baƙi kewaye da idanu sai ka ce ta sha kwalli. Babba takan kai kilo 100. Ba a samunta a daji ko'ina a duniya sai a duwatsun larduna uku, wato Sicuwan da Shanshi da Gansu. Sauran kaɗan ta ƙare, kuma da yake da hannun manoma a cikin lamarin, ya kamata mu ji yadda aka yi.

Babbar matsalar Panda abincinta ne. Hanjinta irin na dabba mai cin nama ne, gajere, amma kusan ba abin da take ci sai gora. Saniya tana da tumbin da ke narkar da ciyawa, ita Panda ba ta da shi. Saboda haka ɗan kaɗan ne ke amfanar jikinta, saura ya fita kashi. Dole ta ci kilo 12 ko fiye kowace rana, ta shafe sama da sa'a 10 tana tauna.

To, gora kuwa tana da wata ɗabi'a. Ba ta fure kowace shekara kamar dawa ko gero. Sai ta yi shekaru masu yawa, wata har fiye da 40, sa'an nan duk irin nan guda ya yi fure lokaci ɗaya, ya zub da 'ya'ya, ya bushe ƙurmus. Kafin sabuwa ta tashi ta isa ci sai an yi shekaru. A zamanin da wannan bai dami Panda ba, domin in gorar kan dutse ta mutu sai ta gangaro kwari ta sami wani iri. Amma da mutane suka yi yawa, sai aka sare kwaruruka aka yi gonakin masara da dankali, aka yi hanyoyi da ƙauyuka. Da gora ta yi fure a duwatsun Min wajen 1975, Panda ta gangaro ta tarar da gonaki. An tsinci gawar 138, yunwa ta kashe su. A 1983 kuma gora ta sake yin haka a yankin Wolong.

Ga kuma ƙarancin haihuwa. Sau ɗaya a shekara ta mace take neman namiji, shi ma kwana ɗaya zuwa uku kawai. Ɗan da za ta haifa bai fi nauyin ƙwan kaza biyu ba, in kuma ta yi tagwaye galibi ɗaya take raino ta bar ɗaya. Duk mai kiwo ya sani, garken da ke haihuwa haka, in annoba ta taɓa shi ya daɗe bai farfaɗo ba. Maharba ma sun yi tasu ɓarnar, waɗansu don fata, waɗansu kuwa tarkon da suka ɗana wa barewa ne yakan kama ta.

Ƙidayar da aka yi tsakanin 1985 da 1988 ta sami Panda 1,114 kacal a daji. Gwamnatin Sin ta tsananta hukunci a kan masu kashe ta, ta kuma ƙara gandayen daji da aka keɓe mata, irin na Wolong wanda aka kafa tun 1963. Amma a ganina abin da ya fi taimako shi ne wanda ya biyo bayan ambaliyar kogin Yangtse ta 1998. Mutane dubbai suka hallaka, aka kuma gane sare itatuwan kan tudu yana cikin abin da ya jawo ta. Aka hana saran katako a dazuzzukan da ke saman kogin. A 1999 sai aka ce wa manoman da ke noma gangaren dutse su dasa itatuwa a wurin, gwamnati ta riƙa ba su hatsi, kimanin buhu 9 mai kilo 100 a kowace eka kowace shekara, har da 'yan kuɗi. Daga baya aka mai da hatsin ma kuɗi. Kun ga ba a ce wa manomi ya bar gonarsa ya zauna da yunwa ba, shi ya sa da yawa suka yarda. Gonar gangare dama ba ta da wani amfanin kirki, ruwa ne ke kwashe ƙasarta kowace damina.

Ƙidayar 2003 ta ba da 1,596, wadda aka gama a 2014 kuwa 1,864. A 2016 ƙungiyar duniya mai lura da irin waɗannan dabbobi ta sauko da Panda daga sahun masu shirin ƙarewa zuwa na waɗanda ake wa fargaba. Duk da haka da sauran aiki. Wannan ƙidaya ta nuna sun rarrabu gida 33, hanyoyi da gonaki sun shiga tsakani, kuma a 18 daga ciki ba su kai 10 ba. A waɗansu gandayen kuma, shanu da dawakin da manoma suka koma kiwo suna cinye gorar tun tana tsiro. Don a haɗa wuraren nan ne aka kafa babban gandu guda a 2021.

Ba kowace dabba ce ta yi wannan sa'a ba. Baƙin karkanda na yammacin Afirka, wanda ragowarsa ke arewacin Kamaru, an neme shi a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka tabbatar ya ƙare, saboda masu neman ƙahonsa. Raƙumin dawa na yammacin Afirka kuwa saura 49 suka rage a 1996, duk a Nijar, a yankin Kure gabas da Yamai. Da aka hana harbinsu aka kuma taimaki ƙauyukan da suke shiga gonakinsu suna cin wake, yawansu ya haura 600.