Faɗan Azahar a Yantala

A wani gida da ke unguwar Yantala a Yamai, kare da kyanwa sun shekara biyu ba wanda ya ji kansu. Karen irin na Azawak ne, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, an kawo shi daga wajen Tawa yana ɗan kwikwiyo. Kyanwar ta riga shi zuwa gidan, kuma hakan na da tasiri: wani bincike na Jami'ar Tel Aviv da ya fito a 2008 ya nuna cewa zaman ya fi lafiya idan kyanwa ce ta fara sabawa da gida, aka kuma haɗa su tun suna ƙanana. Sai ga shi cikin Afrilu rikici ya ɓarke. Kullum haushi da guje-guje, hancin kare duk yakushi, kyanwa ta rame.

Mai gadi ne ya fara furta wa uwargidan abin da kowa ke tsoro. "Hajiya, kar dai haukan kare ne." Tsoron na da dalili, domin cutar tana nan a Nijar, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum da wuya ya tsira. Likitan dabbobi ya duba katin rigakafi ya ga allurar ba ta wuce lokaci ba. Ya ƙara da cewa karen da cutar ta bayyana a jikinsa ba ya wuce kwana goma a raye, wannan kuwa ya yi makonni yana faɗan, yana cin abincinsa, yana wasa da yara.

Aka koma kan abinci. An raba musu kwano, an ɗaga na kyanwa sama. Bai sauya komai ba.

Jikar gidan ce ta lura da abin da manya suka tsallake. "Kaka, ai da safe ba sa yi, da dare ma ba sa yi." Da aka sa ido, sai aka ga faɗan ba ya tashi sai tsakanin azahar da la'asar, kuma a wuri guda: gindin randa. A Yamai zafin Afrilu yakan haura digiri 40, ƙasar da randa ke tsattsafa wa ruwa kuwa ita ce mafi sanyi a tsakar gidan. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, sai ya haɗa da shimfiɗa cikinsa a ƙasa mai laima. Kyanwa ma wurin take so.

To amma bara ma an yi zafi, randar ma tana nan. Me ya hana su faɗa a lokacin? Nan ne aka daɗe ana juya magana, har Hajiya ta tuna da rumfa. Da can ta zana ce a ƙarƙashin dogon yaro, kuma a kanta kyanwa ke wuni, tana kallon kare daga sama hankalinta kwance. Da sanyi aka sauya ta da ta kwanon rufi, aka sassare rassan da ke gogar rufin. Kwano da tsakar rana ba ya takuwa. An raba kyanwa da mafakarta ba tare da kowa ya nufa ba, dole ta sauko ƙasa inda kare ya fi ƙarfi.

Sauran kuma halitta ce ta ƙarasa. Kare na kaɗa wutsiya don zumuɗi, kyanwa na kaɗa tata idan ranta ya ɓaci, kowa na yi wa ɗan'uwansa gurguwar fahimta. Da ta tsorata ta ruga, shi kuwa Azawak da ido yake farauta, Abzinawa sun daɗe suna bin barewa da zomo da shi. Abin da ya gudu sai ya bi. A ganina karen nan ba shi da laifi ko kaɗan, kuma na ji daɗi da ba a kai ga dukansa ba.

Kafinta ya kafa katako a bangon da ke cikin inuwa, inda kare ba ya kaiwa, aka sa mata ruwanta a can. Shi kuma aka jiƙa masa buhu a wani lungu daban, ana ɗaure shi da azahar, ana ba shi ɗan nama duk sanda kyanwa ta gifta bai tashi ba. Kafin ruwan farko ya sauka an daina ɗaure shi.