Tukunyar gaz ta murhun gashi da ta motar ɗaga kaya: kama da wane ba ta wane

Duk wanda ya taɓa shiga harkar kayan gwanjo na ƙasashen waje ya san ba safai kaya ke zuwa da takardun bayaninsu ba. Kwantena ta sauka tashar jirgin ruwa, a ɗora wa kamiyo, ta iso Yamai ko Maraɗi, a buɗe a tarar da firiji, da injin wuta, da murhun gasa nama irin na Turawa. Wani lokaci har da motar ɗaga kaya, mai yatsu biyu na ƙarfe a gaba, wadda Faransawa suka laƙaba wa suna Fenwick saboda kamfanin da ya yi fice wajen ƙera ta. Murhun nan da gaz yake aiki, haka ma da yawa daga cikin motocin. Daga nan ne tambaya ke tasowa a bakin mai mangaza da mai gida: tun da gaz ɗin ɗaya ne, me zai hana tukunyar wannan ta yi wa wancan aiki?

A Amurka da Kanada, inda kayan biyu suka fi yawa, an daɗe ana wannan tambaya, kuma an biya amsarta da tsada kafin a kafa mata doka. Ya kamata ƴan kasuwarmu da ma'aikatan da ke sa hannu a takardun shigo da kaya su san amsar, domin abin da ke ciki ya shafi dukiya, ya shafi rai.

Gaz ɗaya, mafita biyu

Gaz ɗin da Amurkawa ke zubawa a waɗannan tukwane sunansa furofan, ɗan uwan butan da muka saba girki da shi. A cikin tukunya yana zaune ne a matsayin ruwa, saboda matsi. Ba a cika tukunya har wuya. Ana tsayawa a kashi 80 cikin ɗari, a bar sauran sarari a sama. A wannan sarari ne ruwan ke juyewa iska. Ke nan kowace tukunya hawa biyu gare ta: ruwa a ƙasa, iska a sama.

Tukunyar murhun gashi ta Amurka tana ɗaukar laba 20, wato kimanin kilo 9. A tsaye ake ajiye ta, kuma bakinta daga sama yake ɗiba, don haka iska take fitarwa. Iskar ta bi ta detandar, wato abin da ke rage mata ƙarfi, ta ratsa tiyo, ta isa kan murhu a hankali.

Tukunyar motar ɗaga kaya kuwa, wadda aka fi sani tana ɗaukar laba 33, kimanin kilo 15. Galibi a kwance ake ɗaure ta a bayan direba. A cikinta akwai wani bututu mai lanƙwasa da ke nutsawa har ƙasan ruwan, saboda haka ruwa take fitarwa. Dalili shi ne injin mota mayunwaci ne, yana shan gaz fiye da yadda ƙaramar tukunya za ta iya mayar da ruwa iska da kanta. Sai aka sa wa motar nata tanadi: wata na'ura da ruwan zafin injin ke ɗumamawa, ruwan gaz ya shiga cikinta, ya juye iska, sannan ya wuce injin. Da haka tukunya guda kan riƙe mota kusan yinin aiki.

Wannan bututu na ciki, wanda ido ba ya gani, shi ne asalin bambancin. Duk sauran abin da za a faɗa daga gare shi ya fito.

In aka musanya, me ke faruwa?

A ɗauka an sami dabarar haɗa tukunyar mota da murhun gashi. Detandar na murhu don iska aka yi shi, ruwa kuwa zai taras. Lita guda ta ruwan furofan, in ta fita sarari, tana zama kusan lita 270 na iska. Ruwan da ya kutsa cikin detandar zai daskarar da shi, ya lalata robar cikinsa, ya wuce tiyo ya faso kan murhu. Mai gashi ya kunna ashana yana jiran ɗan harshen wuta shuɗi, sai ya ga wuta ta tashi sama da kansa, kuma rage makunnin murhun ba zai kwantar da ita ba. Tsayar da tukunyar ma ba ya magani, domin yawancin tukwanen mota an tsara bututun nasu yadda zai ɗebo ruwa ko tana kwance ko tana tsaye. Akwai masu baki na biyu na musamman don fitar da iska, amma wannan sai an ga an rubuta a jikinta ɓaro-ɓaro.

In kuma aka juya, aka ɗora wa mota tukunyar murhu, matsalar ta sake kama. In tana tsaye, injin zai tashi, ya yi ɗan aiki, sannan tukunyar ta yi sanyi har raɓa ta daskare a jikinta, matsi ya faɗi, mota ta fara shaƙewa. Injin da ya mutu alhali yatsu na ɗauke da tan guda na shinkafa ko siminti a sama ba abin wasa ba ne ga leburan da ke kusa. In kuwa aka kwantar da ita don ta ba da ruwa, an taɓa wani abu mafi haɗari. Kowace irin wannan tukunya tana da mafitar gaggawa, wadda ke buɗewa da kanta in matsi ya yi yawa. Dole wannan mafita ta kasance a sashen iska. In tukunyar murhu ta kwanta, ruwa na iya rufe mafitar, ranar da ta buɗe kuwa ruwa za ta feso, a bayan injin mai zafi.

Wannan ne ya sa aka huda rami a wuyan tukunyar mota, aka kuma kafa wani ɗan ƙarfe a mazauninta a bayan motar. Sai ƙarfen ya shiga ramin sannan tukunya ta zauna daidai: mafitar gaggawa tana sama, bututun ɗibar ruwa yana ƙasa. Motar gwanjo da ta zo wannan ɗan ƙarfe ya karye, ko direban da ya ɗaure tukunya yadda ya ga dama, sun rushe wannan tsari ba su sani ba.

Baki ba ya shiga baki, da gangan ne

A da, yawancin tukwanen Amurka baki iri ɗaya gare su, wanda ake kira POL, mai murɗin hagu, sai da sifana ake ɗaure shi. Aibinsa shi ne in aka buɗe tukunya ba a haɗa ta da komai ba, gaz fita zai yi. Gobarar murhun gashi ta yi yawa, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka shigo da sabon baki mai suna QCC1. Da hannu ake murɗa shi, zuwa dama. Ba ya sakin gaz sai an haɗa shi ya zauna sosai; yana rage kwarara in tiyo ya tsinke; akwai kuma wani sashe nasa da ke narkewa in wuta ta kama, ya toshe hanya.

Bayan haka ƙungiyar NFPA, mai tsara ƙa'idojin kare gobara a Amurka, ta ƙara wani sharaɗi cikin ƙa'idarta mai lamba 58. Daga 1998 sababbin tukwane masu ɗaukar laba 4 zuwa 40 sai da na'urar OPD, wani ɗan abu mai yawo a kan ruwan gaz da ke rufe hanya in tukunya ta kai iyakar cikarta. Daga 1 ga Afrilu 2002 aka hana sake cika waɗanda ba su da ita. Ana gane mai OPD da marfin murɗawa mai kusurwa uku. Tukwanen motar ɗaga kaya ba su shiga wannan sharaɗi ba. Su nasu tsarin dabam ne, da ɗan famfon da mai cikawa ke buɗewa don ya ga lokacin da ruwa ya kai iyaka.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne bakin tukunyar mota da na murhu sun yi kama ƙwarai. Dukansu manyan haƙoran murɗi gare su, dukansu da hannu ake ɗaurewa. Amma faɗin na mota inci 1 da rubu'i ne, na murhu kuwa inci 1 da kashi 5 cikin 16. Tazarar ba ta kai milimeta 2 ba. Wanda bai sani ba zai ce kuskuren maƙera ne, ya sa ƙarfi, ko ya nemi mahaɗi. Alhali kuwa ƙin shigar nan shi ne gargaɗi na ƙarshe da tukunyar ke iya yi wa mai ita.

A Turai ma haka

Kayan da ke zuwa daga Turai ba su tsira daga wannan ba, illa sun ƙara nasu ruɗani. A Faransa, tukunyar kilo 13 ta girki da tukunyar kilo 13 ta mota, wadda suke rubuta wa «carburation», girmansu kusan ɗaya, amma ta biyun tana da bututun ɗibar ruwa. A Ingila ta mota kilo 18 ce, ta sauran ayyuka kilo 19, kamar tagwaye.

Detandar ma kowace ƙasa da nata. A Faransa na butan yana ba da milibar 28, na furofan 37. A Jamus 50 aka saba. An huda ƙofofin wutar kowane murhu ne daidai da matsin da aka yi shi dominsa. Murhun da aka ba matsin da ya fi nasa zai yi wuta mai tsawo da baƙin hayaƙi. Wanda aka ba ƙasa da nasa zai yi ta mutuwa, gaz na fita ba wuta.

Inda abin ya shafe mu

Tun da matatar man SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a Nuwamban 2011, gaz ya shiga gidaje da yawa a biranen Nijar. Tukwanen da muka sani su ne ƙarama ta kilo 6, wadda ake murɗa wa kan murhu kai tsaye, da babba ta kilo 12 mai detandar da tiyo. Dukansu iska suke fitarwa, a tsaye. Babu wadda aka yi don mota, kuma bakinsu ba ya karɓar QCC1 na murhun Amurka.

Mu kuwa Allah ya hore mana masu dabara. Ba abin da zai gagari mai walda ko makanike. Ka kai masa baki biyu da suka ƙi juna, kafin la'asar ya haɗa maka su. Ga kuma mahaɗai na tagulla iri-iri da ake sayowa ta intanet da araha. Wannan ƙwarewa ta ceci injuna da yawa a ƙasar nan, amma a harkar gaz ita ce abin tsoro, domin mahaɗi haƙoran murɗi kawai yake sasantawa. Bai san ko ruwa ne ke bi ta cikinsa ko iska ba.

Sai kuma zafin ƙasarmu. A digiri 40, wanda bazara ke wucewa a Tawa da Yamai, matsin butan a cikin tukunya bai kai bar 4 ba, na furofan kuwa ya haura 13. Tiyo da detandar da aka yi don butan ba sa'o'in wannan ƙarfi ba ne. Haka kuma masu juye gaz daga wata tukunya zuwa wata a bayan shago, ba sikeli, suna iya cika ta fiye da kima. Ruwan gaz yana kumbura da zafi. Tukunyar da aka cika da sanyin safiya ba a bar mata sarari ba, da azahar ba ta da inda za ta kai ƙarin. A tuna kuma gaz ya fi iska nauyi. In ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa, ya bi lungu da kwata, ya jira tartsatsi. A mangazar da ke cike da atamfa ko katifu, ko a kasuwar da rumfuna ke manne da juna, asarar ba ta tsayawa kan mai tukunya shi kaɗai.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Mai sayen motar ɗaga kaya ta gaz ya fara tambayar kansa inda zai riƙa samun tukunyarta da wanda zai cika masa ita bisa ƙa'ida. In babu amsa, mai aiki da gazuwal ko batir ta fi masa kwanciyar hankali, ko da ta ɗara tsada. In ta zo da tukunyarta, a duba wuyan: akwai watan da shekarar da aka ƙera ta. A ƙa'idar Amurka, bayan shekara 12 sai an sake gwada tukunya, mafitar gaggawa ta tukunyar mota ma a lokacin ake canza ta, daga nan kuma duk shekara 10. A duba robobin cikin baki, a tabbata ɗan ƙarfen mazauni yana nan. Mai canza tukunya ya sa safar hannu, domin furofan yana tafasa ne a digiri 42 ƙasa da sifili, ɗigonsa na ƙona fata kamar wuta.

Mai sayen murhun gashi kuma ya karanta farantin da ke jikinsa, inda aka rubuta irin gaz da matsin da yake so. Hanyar da ta dace ita ce ƙwararre ya cire detandar da tiyon da suka zo da shi, ya sa masa waɗanda suka dace da tukunyar gida da kuma matsin murhun, sannan a gwada kowace mahaɗa da kumfar sabulu. Ba a gwada gaz da ashana. Tukunyar da aka ga alamar kibiya a gindinta, ko rami a wuyanta, ko kalmar «carburation» ko «liquid» a jikinta, kada ta kusanci wurin girki komai arharta.

Su ma jami'an duwan da na ma'aikatar kasuwanci suna da rawar takawa. Gane tukunyar mota daga ta girki ba ya bukatar na'ura, duban minti guda ne ga wanda aka nuna wa. Kamfanonin da ke cika gaz kuma su ƙi karɓar tukunyar da ba su san tsarin cikinta ba, su riƙa yi wa dillalansu bayani da harshen da suke ji.

Ƙasashen da suka ƙera waɗannan kaya sai da suka ga gobara sannan suka raba bakunan tukwanensu. Mu mun sami darasin ba mu biya ba. In baki ya ƙi shiga baki, a ajiye sifana, a tambayi wanda ya sani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.