Kalmar Da Ingilishi Ya Aro Daga Sin, Ya Juya Mata Ma'ana

Ɗaliban ƙasar Sin masu koyon Ingilishi sukan ci karo da wani aikatau wanda da jinsa sun san ɗan gida ne, amma in suka yi aiki da shi yadda suka saba, sai zance ya ɓaci. Wannan aikatau shi ne "kowtow".

Asalinsa kalmomi biyu ne na Sinanci: "kou", watau ƙwanƙwasa, da "tou", watau kai. Mutum ne zai durƙusa ya sunkuya har goshinsa ya taɓa ƙasa. A fadar sarakunan Sin cikakkiyar gaisuwa ita ce durƙuso 3, kowane da taɓa ƙasa sau 3, jimla 9 ke nan. Ɗa ma yakan yi wa iyayensa haka, kuma a wurinsu ladabi ne tsantsa.

Turawan Ingila kuwa da wani ido suka dubi abin. A cikin 1793 Macartney, jakadan Sarki Joji na 3, ya isa wurin Sarki Qianlong, don neman a sakar wa fataken Ingila mara. Aka daɗe ana ja-in-ja kan yadda zai yi gaisuwa, daga bisani ya durƙusa da gwiwa ɗaya kamar yadda yake yi wa nasa sarkin. Ya koma gida ba a biya masa bukata ko ɗaya ba. Jakada Amherst da ya biyo baya a 1816 shi ma ya ƙi, aka sallame shi ko idon Sarki Jiaqing bai gani ba.

A wannan zamani ne kalmar ta shiga Ingilishi, ta kuwa shiga da ƙyamar da Turawa suka yi wa al'adar. Yanzu ma'anarta ita ce ƙasƙantar da kai da fadanci ga mai ƙarfi, saboda tsoro ko kwaɗayi. Akan bi ta da "to", sannan a ambaci wanda ake yi wa. To, ɗalibin da ya rubuta cewa haka yake yi wa malaminsa, yana nufin girmamawa, ya zagi kansa ne bai sani ba, ya kuma mai da malamin azzalumi.

Gwamnatin jamhuriya ta kawar da wannan gaisuwa daga harkokin mulki a 1912. Amma a wasu gidaje, musamman a arewacin Sin, ranar sabuwar shekara yara sukan faɗi gaban kakanninsu, a ba su kuɗi cikin jar ambulan.