Turken Bappa a Cikin Yola

Mu mutanen Ngurore idan muka ce za mu shiga gari, Jimeta muke nufi. Can ne banki, can ake sayo taya da maganin shanu. Yola kuwa ba a zuwanta haka kawai don an tashi da ƙafar yawo. Sai da dalili: ko Sallah, ko naɗin sarauta, ko gaisuwar mutuwa, ko wata maganar gona da ta fi ƙarfin mai unguwa. Kuma ba a zuwa da rigar da aka kwana da ita. Kawuna, wanda ya tsufa yana dillancin shanu a kasuwarmu, mutum ne da tufa ba ta dame shi ba, amma ranar zuwa Yola tun asuba za ka ji babbar rigarsa tana ƙamshin turaren wuta. Ya riga ya sa an sayo farin goro rabin ƙwarya, an yayyafa masa ruwa an ƙunshe. Ni ne mai riƙon ƙunshin, kuma da wannan aiki na san Yola.

Baƙo yakan ɗauka Yola da Jimeta abu ɗaya ne, ba kuma laifinsa ba ne, tun da gine-gine sun cinye filin da ke tsakaninsu. Amma da ka sauka a Jippu Jam, wato "sauka lafiya" da Fulatanci, za ka ji garin ya sake hali. Hayaniya ta ragu, lungu ya matse, gaisuwa ta yi tsawo. Hausar da ka taho da ita daga Jimeta ma sai ta fara jin kunya, domin tsoho zai amsa maka sallama, sannan ya juya harshe zuwa Fulatanci don ya ga ko ɗan gida ne kai.

Jimeta ruwa ne ya raya ta, da jiragen kamfanin Turawa masu hawa Binuwai idan ya cika. Yola doki ne ya kafa ta. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna Gurin, ya zauna Ribadu, kafin a 1841 ya sauka a kan wannan tudu mai kallon fadamar kogi. Daga kalmar yolde, wato tudu, sunan garin ya fito. Shekara shida ya yi a cikinsa, Allah ya yi masa rasuwa a 1847, kuma 'ya'yansa huɗu suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya: Lawal, Sanda, Zubairu, Bobbo Ahmadu. Kewaye da fadarsu aka zaunar da mutanen da mulkinsu na Fombina ya tsaya a kansu. Ga malamai, ga masu sarauta irin su Galadima da Waziri da Kaigama, ga fatake da masu sana'a da suka bar wa Wuro Hausa sunanta. Ga kuma waɗanda ba a cika ambata ba, masu doki da 'yan lifida da dogarai da barorin fada, waɗanda idan tambari ya tashi ba a tambayarsu ko suna da uzuri. Gidajensu su ne lungunan da Kawu yake ja na a ciki.

Wanda ya san Kano ko Zariya zai iso yana neman ganuwa da ƙofofi, ba zai samu ba. Baturen nan Bajamushe, Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya zo Yola a watan Yuni na 1851, Lamido Lawal bai bar shi ya daɗe ba saboda ta hannun mutanen Borno ya iso. A 'yan kwanakin da ya yi, abin da ya gani gari ne buɗaɗɗe mai bukkoki da manyan tsakar gida, har da gonaki a tsakanin gidaje, ginin ƙasa kuwa sai na Lamido da 'yan uwansa. Yolar farko da ciyawa da kara aka gina ta. Soraye da zaurukan ƙasa da muka tashi muka gani daga baya suka yawaita.

Gidan da muke sauka yana wani lungu a bayan babban masallaci. Mai gidan, wanda kowa ke kira Bappa, ba shi da rawanin sarauta, amma kakansa ɗan lifida ne, mahaifinsa kuma ya yi wa fada hidimar dawaki har ƙarfinsa ya ƙare. Takalmi tun daga nesa da dakali ake cire shi. Kawu yakan tsaya ya yi sallama sau ɗaya, ya jira, ba ya maimaitawa. Idan an ce jaɓɓama sai mu shiga mu zauna ƙasa da tabarmar mai gida, a fara gaisuwa. Ana tambayar gida, a tambayi shanu, a tambayi ruwa, a tambayi gajiyar hanya, a yi shiru, a sake ɗaukowa daga farko da murya ƙasa-ƙasa, kowa na kallon tabarma. Sai an yi wannan zagaye kamar sau uku Kawu yake taɓa ni da gwiwar hannu in tura goro gaba. Ba a miƙa shi hannu da hannu, ba a kuma kwance shi a gabanmu. Maganar da ta kawo mu kuwa sai bayan an sha kunun gyaɗa, wani lokaci ma sai mun miƙe za mu tafi, Bappa ya rako mu bakin ƙofa, a nan Kawu zai ambace ta kamar abin da ya tuna yanzu.

Ƙofar zauren nan gajera ce, babba ba ya shiga sai ya sunkuya. A kanta Kawu da Bappa suka yi gardamar da ba su taɓa gamawa ba. Kawu ya ce ladabi ne aka gina da ƙasa, don ko wane ne kai ka rusuna kafin ka ga mai gida. Bappa ya ce wannan zancen 'yan kasuwa ne. Shi abin da ya ji daga mahaifinsa shi ne an gajarta ƙofa don kada mahayi ya faɗo gida a kan doki, kuma mai shigowa a sunkuye wuyansa yake fara miƙo wa na ciki. Yakan faɗi haka yana dariya, yana shafa gemu. Goggo, uwargidansa, ta taɓa jiyo su ta bayan zana, ta ce duk su bar wahalar da kansu, azarar da aka samu a lokacin ce ba ta da tsawo, maginin ya yi da abin da ke hannunsa. Ni dai har yau na fi karkata ga Goggo, ko da yake ta Bappa ta fi daɗin faɗi.

Daga zauren farko ba ka hango cikin gida, domin ƙofa ta biyu ba ta kallon ta farko. Tsakaninsu akwai ɗan fili, a nan turke yake. Itacen ƙirya ne, ya yi baƙi ya yi santsi, igiya ta ci wuyansa har ta yi masa ƙwarmi. A zamanin da nake faɗa akwai doki ɗaure a jikinsa, wani akawal mai farin goshi wanda ya fi kowa cin abinci a gidan. Dawa da safe, harawa da rana, dusa da kanwa da yamma, ga yaro guda da ba shi da wani aiki sai yanko masa ciyawa daga fadama. Ba ya noma, ba ya dako. Kilisa kawai ake fita da shi bayan la'asar, sai kuma hawa sau biyu a shekara. Wani dillali abokin Kawu ya taɓa lissafa wa Bappa cewa abin da dokin ke ci zai riƙe saniya uku masu tatsa. Bappa bai ce masa komai ba, amma bai ƙara tambayar lafiyarsa ba.

Kayan hawa suna cikin wani ɗaki mai duhu a gefen barga, kuma ba a buɗe shi don yara sai ana jibi Sallah, ranar da ake fitar da komai a shanya. Sirdi, linzami, likkafa ta tagulla, jalala mai ado, takobi a kubensa, da wani tsohon lifidi da auduga ta fara leƙowa ta ɗinkinsa. Na taɓa ƙoƙarin ɗaga shi ni kaɗai ya rinjaye ni. Warinsa na nan a hancina, warin ƙura da tsohon gumi da man shanu da ake shafa wa fata don kada ta tsage. Matan gida su suke ɗinke inda ya ɓarke, da allura babba irin ta buhu, suna yi suna mita.

A wajen shanyar nan ne Bappa yake buɗe bakinsa kan ranar da Nasara suka zo. Ranar 2 ga Satumba 1901 ce, ruwa ya cika har jiragensu suka samu hanyar matsowa kusa da gari ta wajen tafkin Njuwa, Kanar Morland yana jagorantarsu. Lamido Zubairu ya ƙi miƙa wuya. Yana da igwa biyu da Bafaranshe Mizon ya bar masa shekarun baya, da 'yan bindiga, da masu doki. A bakin fada da masallaci aka yi ta, kuma lifidi bai hana harsashi shiga ba. Da rana ta yi yamma gari ya faɗi, Zubairu ya fita, Turawa suka naɗa ƙanensa Bobbo Ahmadu. Zubairu kuwa ya je ya ƙara gwabzawa da Jamusawa a Garwa da Marwa, aka kashe shi a 1903. A nan ma akwai kalmar da ba a wasa da ita a zauren Bappa. Wani malamin makaranta ya taɓa cewa Zubairu ya gudu. Bappa ya ajiye carbi ya ce masa, "Malam, gyara bakinka. Hijira ya yi." Yanzu babban titin da ya ratsa Yola sunan Lamido Zubairu yake ɗauke da shi, masu keke suna bi suna zabga hon.

Ranar Sallah ba sai na tsaya bayani ba, duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya ji kakaki ya san yadda gaba yake faɗuwa. Mu yaran Ngurore a kan katanga muke samun wuri. A zamanin Lamido Aliyu Musdafa, wanda ya yi mulki daga 1953 har 2010, na ga hawa da yawa, amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne dawowar Bappa bayan jahi. Yakan sauko da ƙyar, ƙafafu na rawa, a cire masa rawani, ya ƙi shan ruwa sai an fara ba dokin.

Abin da na gane daga baya shi ne gidan nan hannu ne yake riƙe da shi. Kowace kaka, bayan an kawar da amfanin gona, 'yan uwa daga ƙauye suna kawo shuci da zana da kara. A sauke jinkar da ta ruɓe a ɗora sabuwa, a kwaɓa ƙasa a yi wa katanga yaɓe, a gyara indararo kafin hadarin farko, mata su yi daɓe suna waƙa. Haka tsohon masallacin Gurin ya rayu shekara da shekaru da karan dawa, jama'a na taruwa suna sabunta shi, kafin a mai da shi ginin zamani. Gidan da aka bari damina uku ba yaɓe, ƙasarsa takan koma inda aka ɗebo ta.

Wani ɗan ƙanwata da ya yi karatu a waje ya nuna mini hotuna a waya na wani gari a Japan mai suna Kanazawa. Akwai unguwa a can, Nagamachi, ta mayaƙan da suke kira samurai, a gindin fadar iyayen gidansu na zuriyar Maeda. Katangun ƙasa ne da lunguna masu karkata, kuma da sanyi ya gabato sai su lulluɓe katangun da tabarmin ciyawa don kada ƙanƙara ta ɓata su. Na daɗe ina kallon hoton. Zana ce sak, irin wadda Goggo take sa a jingina wa bangon gabas idan ruwa ya yi yawa. Su baƙi ne suke biyan kuɗi su shiga kallo. Mu kuwa idan ka ce wa mutumin Yola ya buɗe zaurensa ga masu ɗaukar hoto, zai tambaye ka ko an yi masa mutuwa ne.

Bappa ya rasu, Kawu ma ya bi shi. Akwai gidan tarihi na Fombina a fada, kuma na ji 'ya'yan gidan sun yi ta shawara ko su kai lifidin can, wasu suka ce kayan kaka ba ya kwana a waje. Ban tambayi yadda suka ƙare ba. Gidajen lungun yawanci sun zama bulo da kwano, da ƙofar ƙarfe mai faɗin da mota za ta shiga. Masu doki ba su ƙare ba, sai dai da yawa yanzu haya suke ɗaukowa idan Sallah ta matso, a kai dokin a dawo da shi kamar kujerun biki.

Bara na je gaisuwar wata rasuwa a unguwar, na ce bari in leƙa. Zauren farko an rushe shi, an yi shago, wani jikan Bappa yana cajin waya a ciki. Na cire takalmi a inda dakali yake a da, yaron ya dube ni ya dubi ƙafata, ya ce, "Bappa, sa takalminka, akwai ƙusa a nan." Ni ne Bappa yanzu. Ya ɗaga labule ya shigar da ni ɗan filin da ke baya. Turken yana nan inda yake, an zagaye shi da siminti, an ɗaure janareta a jikinsa da sarƙa da kwaɗo, sarƙar ta kwanta daidai cikin ƙwarmin da igiya ta yi. Na tambaye shi me ya hana su tumɓuke shi lokacin gini. Ya ce sun gwada, magina biyu suka haƙa har gwiwa ba su ga gindinsa ba, sai Goggo ta aiko daga ciki ta ce a bar mata abinta.