Kurmin Ngel Nyaki a Tsaunin Mambila

Ɗalibin da ya saba da filayen Bakori, inda ɗorawa da kuka ke tsaye ɗaiɗai cikin gonaki, zai sha mamakin Ngel Nyaki ta Jihar Taraba. An keɓe wannan gandun daji a 1969, a tudu mai tsayin mita 1,400 zuwa 1,600 bisa teku. Sanyi da raɓa kan hana ƙasa bushewa, shi ya sa kurmin ke zama kore har da rani. Birai da tsuntsaye kan ci 'ya'yan itatuwa, su yaɗa irinsu. Amma wutar daji da kiwon shanu na cinye bakin kurmin, kuma tsohuwar bishiya in ta faɗi, sai an shekara da yawa kafin wata ta maye gurbinta.